Hoton da Ban Kawo wa Baffa Altine Ba

Tun da na dawo daga Maroko ban ratsa kasuwar Dogon Dutsi ba tare da wani ya tare ni ba. Masu tambayar iri biyu ne. Akwai masu son jin yadda ƙasar take, da abin da ake ci, da ko gaskiya ne ruwa yana daskarewa a bokiti. Akwai kuma waɗanda suka ji an ce Baffa Altine ya kayar da ni a gidan rediyo, suna son su ji daga bakina. Na gaji da maimaitawa a tsaye cikin rana, shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, daga farko.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rakiya, Ba'ara ce ni, wato daga ƙabilar Arawa, haifaffiyar Tibiri. Ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Dogon Dutsi. Da safe ina karanta labarai, ran Laraba da yamma kuma ina da fili na rabin awa kan kimiyya. Waɗanda suka koya mini aikin nan sun ɗora ni kan ƙa'ida ɗaya: abin da ba ki tabbatar ba, kada ya wuce mikro, wato ƙarfen magana.

Wata Laraba da damina na kawo labarin duniyoyin da masana suka gano suna kewaya wasu taurari, ba ranarmu ba. Na zaɓi guda ɗaya na yi bayaninta. Na ce ta fi duniyar Mushtari girma, ita kuwa Mushtari cikinta zai ɗauke irin duniyarmu sama da dubu. Na ce ba ta da ƙasar da za a taka, dunƙulen iskar gas ce. Na ce ta matso kusa da tauraronta ƙwarai, har takan gama kewaye shi cikin kwana uku da rabi, wato shekararta ke nan, zafinta kuma ya kai na wutar maƙera. Da na buɗe layin waya, wanda ya fara shigowa Baffa Altine ne.

Baffa Altine dattijo ne, Bafillatani, rugarsu tana gabas da Kore Mairuwa. Ba ya fashin shirin. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Arawa: ya faɗa mini abin da ya ga dama, ba ni da ikon yin fushi, sai dai in rama.

"Ke Ba'ara, baiwata," in ji shi. "Wagga duniya da kinka hwaɗi, kin gan ta da idonki?"

"Baffa, masana sun tabbatar."

"Ban tambayi masana ba. Ku Arawa kun saba ganin abin da ba a gani. In kunka tahi Lugu, garin borinku, kunka komo, kowace kuka da mai ita, kowane dutsi da doguwa. Yanzu kuma kin hau sama kin samo muna wata. Shekara kwana ukku! To yaushe ake shibka, yaushe ake girbi?"

"Babu gona a can, Baffa. Da akwai, da tuni Fulani sun kai shanu sun cinye."

Ya yi dariya har layin ya yi ƙara. Sa'annan ya ce, "Kawo hoto."

A makon nan kuwa takardar gayyata ta zo mini. Wata jami'a a Maroko ta shirya taron kwana shida don 'yan jarida masu yaɗa kimiyya da harsunan gida, a wata tashar kallon taurari da ke kan duwatsu, kuma cikin tsarin har da daren da za a bi sawun wannan duniya da na yi magana a kanta. Abin yana cikina yana neman hanyar fita. Sai na ji bakina yana cewa, "Bayan girbi zan je inda ake kallonta. Zan kawo maka hotonta ka riƙe da hannunka."

"In ba ki kawo ba hwa?"

"Faɗi."

"Ki zauna gaban ƙarhen nan naki, ki gaya ma Arewa duka Bahillace ne maigidanki."

Na amince. A cikin shekara goma sha huɗu na aiki, ranar ce na fara barin abin da ban tabbatar ba ya wuce mikro.

Da na fito, darakta yana jirana a baranda. Mutum ne mai sauƙin kai, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Madam, kin san a gari ana kiran filin nan tatsuniyar Laraba? Masu gaishe-gaishe suna neman rabin awar nan tun bara. In kika dawo hannu wofi, ba ni da abin da zan kare ki da shi." Da wannan magana a kaina na yi tafiyar.

Na tashi daga Dutsi da basa ta safe, cikin kaka, amalanke sai wucewa suke da damman hatsi. A Kore Mairuwa basa ta tsaya ɗaukar mutane. Ina leƙa taga sai ga Baffa a bakin kwalta, da malfarsa da sandarsa a kafaɗa. Ya miƙo mini kwalbar man shanu da cuku guda biyar a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

"Ba a zuwa biɗar sani hannu sake," ya ce. "Ki ba mai madubin hangen taurarin. Ki ce daga maigidanki."

"Ba ka zama ba tukuna."

"Saura kwana nawa?"

Matar da ke kusa da ni, wata 'yar kasuwa mai kai gyaɗa Yamai, ta bari sai da muka wuce Doso kafin ta tambaye ni inda na nufa. Na ce Maroko. Ta ce sarin kaya? Na ce a'a, kallon tauraro. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata." A Birnin Gaure ta saya mini ruwan sanyi, ta kuma ba ni kwatancen wani malami da ya taɓa yi wa 'yar yayarta magani.

Na kwana gidan ƙanwata a Yamai, mijinta ya kai ni filin jirgi. A nan kwalbar Baffa ta gamu da hukuma. Man da ake yanka da cokali a Kore Mairuwa ya sha zafin injin basa da na Yamai, ya narke sarai. Jami'in da ke binciken jakar hannu ya ɗaga kwalbar ya karkata ta, man ya gangara.

"Madam, ruwa ba ya shiga jirgi."

"Ba ruwa ba ne, mai ne."

"Da ya tsaya cik, da abinci ne. Tunda yana tafiya, ruwa ne."

Maganarsa daidai ce. Ya bar ni na koma da gudu na miƙa wa mijin ƙanwata. Har yau in sun zuba a miyar kuka sukan yi wa Baffa addu'a. Cukun kuwa jami'in ya ƙwanƙwasa shi a tebur, ya ji ya yi ƙara kamar allo, ya ce wannan ba zai zube a kan kowa ba, wuce.

A Kasablanka ɗan sandan da ke buga hatimi ya juya fasfona, ya tambaye ni da Faransanci abin da ya kawo ni. Na ce kallon taurari.

"Babu taurari a Nijar?"

"Akwai, sun ishe mu. Madubin ne ba mu da shi."

Ya buga hatimin yana murmushi. Daga nan na shiga jirgin ƙasa zuwa Marakesh, karo na farko a rayuwata. Abin da ya fi burge ni ba gudunsa ba ne. An rubuta lokacin tashi a allo, na duba agogona, ya tashi a lokacin. Mai aikin rediyo ne kawai zai gane daɗin da na ji.

A tashar Marakesh na haɗu da Usman, ɗan Senegal, mai gabatar da shiri da Wolof. Dogo ne, baki ba ya hutawa, cikin minti goma ya mai da ni "'yar'uwa". Mu tara ne a taron, amma shi ne zai sake fitowa a labarin nan. An sauke mu a wani gida cikin tsohon gari. Daga waje bango ne ja kamar na gidajenmu na laka, ba taga ko ɗaya. Kana shiga sai ka tarar da tsakar gida da itacen lemo da ruwa yana zuba. Mu mukan ƙawata ƙofar gida don mai wucewa ya gani, su sukan ɓoye kyan a ciki. Matar gidan ta kama ni ta sumbace ni a kumatu biyu. Na sandare kamar an ɗora mini tulu, ta yi ta dariya.

Abinci kuwa, burodi ne cokalinsu. Da shi ake cin nama da kayan lambu da suke dafawa a wani kasko mai murfi kamar malfa. Ba sa zubar da burodi. Na ga wani dattijo ya tsinci gutsure a hanya, ya ɗora a kan katanga, sai na tuna kakata da yadda take tsince hatsi ɗaya-ɗaya a bakin turmi. Kuskus ɗinsu ɗan'uwan dambunmu ne, sai dai ba zogale. Shayinsu ganyen na'ana'a ne da sukari, zubi ɗaya. Na sha na zauna ina jiran na biyu da na uku, har Usman ya taɓa ni ya ce an gama. Abu ɗaya ne ya gagare ni: ba yaji. A kwana na biyu na fito da ƙullin yajina daga jaka. Mai dafa abincin ya ɗanɗana, ya yi tari, ya share hawaye, ya ce in bar masa rabi.

Washegari aka ɗauke mu a ƙaramar mota zuwa kan duwatsu. Ni da nake taƙama da dutsen Dogon Dutsi, wanda har sunan garin daga gare shi ne, sai na ga ashe shuri ne. Hanyar tana naɗewa tana warwarewa, dama dutse, hagu rami. Gonakinsu kamar matakala, ƙauyukansu a manne da gangare. Sau biyu na sa direba ya tsaya, ba don kallo ba. Na bar karin kumallona a gefen hanya, wani makiyayi da tumakinsa suna kallona.

A can ƙoli tashar take. Ƙubbobi farare a jere, kamar rumbunan da aka shafa wa farar ƙasa, kowace da madubin hangen nesa a cikinta. Sanyi kuwa, amsar masu tambaya ita ce e, ruwa yana daskarewa. Na sa zane biyu, da rigar sanyi ta aro, da safa a hannu. Alwala ta zama jarrabawa.

Mutum biyu suka karɓe mu. Dokta Na'ima, masaniyar taurari, 'yar ƙaramar mace mai hular ulu, tana magana a hankali kamar mai auna kowace kalma da mudu. Da Si Brahim, mai kula da injinan wurin, ɗan makiyayan dutsen ne, shi ke buɗe rufin ƙubba ya kuma rufe. Na ba Dokta cukun Baffa, na gaya mata dattijon da ya aiko da dalilin aikowar. Ta karɓa da hannu biyu. Si Brahim ya gutsura ya tauna, ya ce wanda ya yi wannan ya san nono.

A darasin farko na ɗaga hannu.

"Dokta, yaushe za a ba mu hoton?"

"Hoton me?"

"Na duniyar."

Ba ta yi dariya ba, na kuwa gode mata. Ta ce, "Madam Rakiya, babu wanda ya taɓa ganinta. Ni ma ban taɓa ba."

Na buɗe salulata na nuna mata hoton da nake ajiye da shi tun damina: ƙatuwar ƙwallo ja mai ratsi-ratsi, tana hayaƙi a gefen wata rana mai ƙuna. Ta ce, "Zanen mai fenti ne. Ya saurari abin da muka auna, ya zana abin da yake tsammani. Akwai duniyoyi kaɗan da ke nesa da taurarinsu waɗanda aka ɗauka, su ma ɗigo ne kawai. Wannan kuwa ta manne wa nata, haskensa ya shanye ta. Kuma nisan wurin, hasken da za mu gani jibi ya baro can fiye da shekara ɗari."

"To da me kuka san tana nan?"

Sai ta yi bayani, ni kuma na rubuta. Ba duniyar suke kallo ba, tauraron suke kallo. Suna auna haskensa a kai a kai. In ta gifta ta gabansa, hasken yakan ragu kaɗan, kamar kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, na tsawon awa uku, sa'annan ya dawo. Yawan raguwar shi ke faɗin girmanta. Tazarar da ke tsakanin giftawa da giftawa ita ce shekararta. Daga shekarar ake gane kusancinta da tauraron, daga kusancin ake gane zafinta. Wasu masanan kuma sun auna nauyinta ta yadda take ɗan girgiza tauraron, aka ga girman ya yi yawa, nauyin ya yi kaɗan, to ba dutse ba ce, gas ce.

Komai ya hau daidai, ban sami inda zan kama ta ba. Amma ni hoto na yi alkawari.

Da muka fito na gaya wa Usman halin da nake ciki. Ya ce, "'Yar'uwa, wannan ne ya hana ki cin abinci? Mu buga zanen nan a takarda mai sheƙi. Tsohon da ke bin shanu zai bambance zane da hoto? Darakta ya gani, tsoho ya gani, fili ya tsira. Ai don kimiyya za ki yi." Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a ba, wannan ma sai in faɗa.

Daren da aka sa ya zo da sama garau. Aikin ba a cikin ƙubba ake yinsa ba, a wani ɗaki ne mai ɗumi a gefe, gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa. Duk bayan ɗan lokaci madubin ya ɗauki tauraron, na'ura ta auna haskensa, ɗigo ɗaya ya fito a allo. Ɗigo bayan ɗigo, suna jeruwa a miƙe kamar sawun shuka. Tun da rana Dokta ta rubuta a takarda lokacin da za su fara sauka, ta manna a bango: tara da minti arba'in.

Da saura kusan awa guda, Si Brahim ya ce wa ke son ganin madubin yana aiki. Na bi shi. Tun ranar farko an gaya mana doka, an kuma maimaita: ba a kunna farin haske a cikin ƙubba. Na ji, na rubuta, har na ja layi a ƙarƙashi. Ya buɗe ƙofa, duhu ya tare ni, na ɗaga ƙafa zan taka.

A Tibiri ba a taka ƙasa cikin duhu sai an haska. Kunama ta harbe ni ina 'yar shekara tara a ƙofar ɗakin kakata, tun ranar hannuna ke yin aikinsa ba tare da ya shawarce ni ba. Kafin in ankara tocilar salulata ta haske ƙubbar nan fes, har na ga madubin da kyau. Si Brahim ya kifa tafin hannunsa a kanta. Duka-duka bai wuce daƙiƙa biyar ba.

Muka koma ɗaki. A allo, ɗigo biyu sun yi tsalle sun bar layi.

"Me kika nema a ƙasa?" in ji Si Brahim.

"Kunama."

"A wannan sanyin? Kunama ta fi ki hankali, tana cikin bargo."

Aka yi dariya, ban da ni. Na matsa kusa da Dokta na ba ta haƙuri, na ce ko za a iya goge su. Ta ce, "Ba ma gogewa. Mukan yi musu alama, mu rubuta dalili, mu cire su daga lissafi. Wanda zai duba aikin bayanmu yana da haƙƙin sanin abin da ya faru." Ta jawo littafin tashar ta rubuta lokaci, ta rubuta: farin haske a cikin ƙubba, baƙuwa. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma rufa mini asiri ba. Na daɗe ban ga abin da ya burge ni kamar wannan layi ɗaya ba.

Tara da rabi ta wuce. Na cire agogona na ajiye a tebur kamar yadda nake yi a situdiyo. Tara da arba'in, ɗigon yana kan layi. Da arba'in da ɗaya, haka. Wajen tara da arba'in da uku sai na ga ɗaya ya ɗan sunkuya, na bayansa ya fi shi, na bayan wannan ya ƙara. Suka gangara a hankali kamar mai sauka cikin fadama, suka miƙe a ƙasa, suka yi ta tafiya. Ba kiɗa, ba ƙara, sai fankar na'ura. Rakodata tana kunne, ta ɗauki awa uku na shiru da tarin Usman. Ni kuwa na kasa ɗauke ido. Wani abu da ya fi duniyarmu girma sau dubu da ɗoriya yana wucewa ta gaban wata rana, wata 'yar mace mai hular ulu ta faɗi lokacinsa tun da rana, ya kuma zo. Da awa ukun suka cika, ɗige-ɗigen suka hauro suka koma layinsu na farko.

Na roƙi Dokta ta buga mini zanen ɗige-ɗigen a takarda. Ta ce in cire miki biyun nan? Na ce a bar su.

A hanyar dawowa, a Marakesh, Usman ya ɓace na rabin awa, ya dawo da ambulan. Zanen mai fentin ne, a takarda mai sheƙi, ja wur. "Tsaraba," ya ce. "Ki yi yadda kika ga dama." Na sa shi a jaka tare da ɗayar takardar.

A basar Yamai zuwa Dutsi na fito da su biyun na ɗora a cinya. Mutumin da ke gefena, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai komawa bakin aiki, ya leƙo ya ga jan, ya ce, "Allahu akbar! Wannan hoto ne?" Na yi shiru na daƙiƙa biyu. A aikinmu daƙiƙa biyu lokaci ne mai tsawo. Sai na ce, "A'a, zane ne." Daga nan na san abin da zan yi ran Laraba, na kuma san mai yiwuwa ita ce Larabata ta ƙarshe.

Baffa bai bugo waya ba, da kansa ya zo. Ya jingine sandarsa a ƙofar situdiyo, ya ƙi cire malfa, aka ɗora masa abin sauraro a kanta. Darakta yana tsaye bayan gilashi, hannu a ƙirji. Jar fitila ta kama. Na yi sallama, na ce:

"Masu saurare, da damina na yi wa Baffa Altine alkawarin hoto. Ban kawo ba. Babu shi, ba a taɓa ɗaukarsa ba. Na yi alkawari kan abin da ban tabbatar ba, laifin nawa ne."

Na ajiye takardun biyu a gabansa. Ya ɗauki jan.

"Wanga hwa?"

"Zane ne, Baffa. Wani ne ya zana yadda yake zato."

"Shina da kyau. A kai ma masu atamhwa." Ya ture shi gefe, ya ɗauki ɗayar. "Wanga kashin awaki hwa?"

Na yi masa bayani kamar yadda aka yi mini, a taƙaice: hasken tauraro, da raguwarsa, da awa uku, da dawowarsa, da maimaituwarsa duk kwana uku da rabi. Ya bi layin da yatsa, ya gangara, ya hauro. Sai yatsan ya koma baya ya tsaya.

"Waɗanga biyu da sunka bar garke, mi ya kore su?"

Na so in ce ba su da muhimmanci. Sai na faɗi gaskiya, da kunamar da tocilar da littafin tashar, duk Arewa tana ji. Baffa ya yi dariya har abin sauraron ya zame daga malfar.

"Ba'ara ta hau bisa duwatsun Larabawa biɗar kunama!" Ya goge ido. Sa'annan muryarsa ta sauya. "Tsaya. Mai madubin ta bar laihinki a rubuce? Ba ta share ba?"

"Ta ce ba sa gogewa."

"Kuma madubin ya ji wutar hannunki?"

"Ya ji."

Ya zuba wa takardar ido. Ina kallon agogon bango: daƙiƙa goma sha ɗaya. Na ga darakta ya sauke hannunsa. Sai Baffa ya ce:

"In na yi dare a daji ina komowa, tun daga nesa nikan hangi wutar ruga. Ba ni ganin shanu, duhu ne. Amma in wutar ta ƙihta, na san dabba ta gitta. In ta rage kaɗan, maraƙi ne. In ta rage da yawa, bijimi ne. Ban taɓa cewa sai an kawo mani hoto ba." Ya ƙwanƙwasa takardar da yatsa. "Amma dabbar da ke sake, gittawarta ba ta da lokaci. Wagga da kinka ce duk kwana ukku da rabi, ba ta ƙetarewa, ɗaure take. A turke take, tana kewaya."

Na yi kwana shida a kan dutse, na cika littafi guda da rubutu, ban samo jimlar da ta kai wannan ba. Na ce, "Haka ne, Baffa. Daidai haka ne."

"To wa ya ɗaure dabba kusa da wuta haka? Ki gaya ma mai madubin a sassauta mata igiya." Ya gyara zama. "Na yarda da duniyarki. Amma hoto ba ki kawo ba. Ga ƙarhe nan."

Alkawari ne. Na matsa kusa da mikro, na yi amfani da muryar da nake karanta labaran safe, na ce, "Masu saurare, Bafillatani ne maigidana." Layukan wayarmu biyu suka kama a tare, ba su huta ba har aka rufe fili. Arawa suna bugowa suna cewa na sayar da su, Fulani suna bugowa suna yi wa Baffa barka, amma kusan kowa kafin ya ajiye sai ya yi tambaya: me ya hana ta faɗa wa wutar, ko akwai wasu irinta, ko tamu duniyar ma a turke take. Washegari na duba allon shirye-shirye, sunana yana nan a Laraba, an ma sake bin sa da alli.

Saƙon Baffa na aika wa Dokta Na'ima kamar yadda ya faɗa, da wutar rugar da turken da igiyar. Ta amsa bayan kwana biyu. Ta ce igiyar ba a hannunsu take ba. Ta ce tana son ta riƙa buɗe wa ɗalibanta darasi da wannan misali, amma a wurinsu ba a ɗaukar maganar mutum sai an rubuta mai ita, to wane suna za ta sa?

Na buga wa Baffa, na same shi a bakin rijiya, shanu suna kuka a bayansa. Na karanta masa tambayar.

"Ki ce ta rubuta: maigidan Rakiya," ya ce. "Kuma kada ta share."